Gizo Mai Kalangu da Laifin da Ake Ɗora wa Danginsa

Babu Bahaushen da ya tashi bai san Gizo ba. Tun muna zaune a gaban kakanninmu da dare ake ba mu labarinsa, shi da matarsa Ƙoƙi, yadda yake yaudarar kura, ya damfari giwa, ya ci amanar abokin tafiya, sa'an nan ya sulale. Watau tun daga tatsuniya aka riga aka shafa masa baƙin fenti. A wani gefen kuma, malaman tarihi suna kawo labarin gizo-gizon da ya yi saƙa a bakin Kogon Sauru lokacin Hijira, a shekara ta 622, kuma sura ta 29 a cikin Alƙur'ani mai girma da sunansa ake kiranta, watau Ankabut. Ga shi yau har hanyar sadarwar nan ta zamani yanar gizo muke ce mata. To, abin mamaki shi ne, duk da wannan daɗewa da muka yi tare da shi a ɗaki ɗaya, kaɗan ne daga cikinmu za su iya nuna wanda ke da haɗari daga cikin gizagizan gida, su bambanta shi da wanda ba ruwansa da kowa. Wannan rashin sani kuwa yana jawo mana hasara iri biyu: muna tsoron wanda bai kamata a ji tsoronsa ba, muna kuma sa hannu a maɓoyar wanda ya kamata a yi hattara da shi.

Bari mu fara da abin da masana suka tabbatar. A shekara ta 2022 masu lissafin ire-iren gizo-gizo na duniya, waɗanda ke da cibiya a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, suka rubuta iri na 50,000 a cikin kundinsu. Kusan dukkansu suna da dafi, domin da shi suke kashe ƙwarin da suke ci. Amma fa dafin da zai kashe ƙuda dabam, wanda zai kwantar da mutum dabam. Mafi yawansu haƙoransu ba su ma iya huda fatar ɗan Adam, waɗanda ke iyawa kuma cizonsu bai wuce harbin cinnaka ko na zuma ba. Waɗanda likitoci ke ɗauka da muhimmanci 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma a cikinsu akwai wata zuriya da Turawa ke kira masu takaba, saboda wani lokaci macen takan cinye namijin bayan sun sadu. Ɗaya daga cikin wannan zuriya, mai launin ƙasa-ƙasa, ita ce na yi kiciɓis da ita a Paikon Kore.

Paikon Kore gari ne a Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, cikin Yankin Babban Birnin Tarayya, ƙasar Gwari ce tun kafin a yanki yankin a shekara ta 1976, kuma akwai makiyayar da hukuma ta keɓe wa masu shanu a wurin. Ina da kawu a can, manomi, nakan leƙa shi in na sami sararin aiki. A wata damina na tarar da gidan a hargitse. Wata jikarsa 'yar shekara shida ta wayi gari da wani jan layi a wuya, ya yi ƙuraje masu ruwa kamar an ɗiga mata tafasasshen mai, tana ta kuka tana cewa zafi. Matan gida ba su yi wata-wata ba suka yanke hukunci, suka ce tautau ne, gizo ya yi mata fitsari da dare. Aka ɗauko tsintsiya mai dogon sanda aka bi kusurwa-kusurwa ana kakkaɓe yana, aka kuma aiki yaro ya sayo fiya-fiya don a yayyafa a ɗakin da yaran ke kwana.

Na ce, "Inna, don Allah a dakata da maganin nan tukuna, a fara kai yarinyar a duba ta."

Ta ce, "Kai ɗan nan, tautau ne fa, tun ba a haife ka ba muke ganinsa. Toka da manja kawai ake shafawa."

Kawu dai ya goyi bayana, muka ɗauki yarinya zuwa ɗakin shan magani. Ma'aikaciyar da ta duba ta ba ta ko daɗe ba ta tambaye mu, shin akwai ƙwan lantarki ko fitilar sola a kusa da inda take kwana? Muka ce akwai. Ta ce mu je mu duba ƙarƙashin fitilar da dare. Da magariba ta yi muka duba, sai ga su nan suna yawo a bango: waɗansu 'yan ƙwari sirara, tsawonsu bai kai rabin inci ba, kai baƙi, ƙirji ja, tsakiya baƙi, sa'an nan ja, ƙarshen wutsiya baƙi. A kudancin ƙasar nan siket da bulawus ake ce musu saboda wannan shiga tasu, a Afirka ta Gabas kuma ƙudan Nairobi, ko da yake su ba ƙudaje ba ne, dangin buzuzu ne.

Wannan ƙwaro ba ya cizo, ba ya harbi. Abin da ke akwai shi ne, cikin ruwan jikinsa akwai wata guba mai ƙona fata. Yana zaune a wurare masu damshi, kamar fadamu da gonakin shinkafa, hasken fitila ke jawo shi cikin gida da damina. In ya hau jikin mutum yana barci, mutum ya kai hannu ya murje shi, to, ya shafa wa kansa gubar ke nan. Ba a jin kome a lokacin, sai bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya yi ja ya tashi, shi ya sa ba a danganta ciwon da shi. Sau da yawa ciwon yakan fito a layi, bisa hanyar da hannu ya bi, in kuma a gwiwar hannu ne ko a wuya inda fata ke haɗuwa da fata, sai ya fito ɓangare biyu suna kallon juna. Wanda ya murza ido da wannan hannu kuwa, ido ya kumbura. Maganin abin tun farko mai sauƙi ne: in ka gan shi a jikinka ka hure shi ko ka kaɗe shi da takarda, kada ka murje, in kuwa an riga an murje, a wanke wurin nan da nan da ruwa da sabulu. Kun ji wanda ya yi aikin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba shi kaɗai ake fakewa da sunan gizo a kansa ba. Akwai wani ciwo mai fitowa da ƙuraje masu ruwa a gefe ɗaya na jiki, kamar ɗamara, da raɗaɗi mai tsanani, wanda ya fi kama manya. Ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta cikin jijiya tun mutum yana yaro, ta farka bayan shekaru. Shi ma mutanenmu tautau suke ce masa. Akwai maganinsa a asibiti, amma ya fi aiki in an fara sha cikin kwana uku na farko, in kuma a fuska ya fito kusa da ido, yana iya taɓa gani. Wanda ya zauna yana shafa toka yana zagin gizo, kwana ukun nan sun wuce shi. Haka nan maruru da sauran gyambon da ƙwayoyin cuta ke haddasawa. Wani likita a Kalifoniya ta Amurka ya bi diddigin mutum 182 da suka zo asibiti suna cewa gizo-gizo ya cije su, ya buga sakamakon a shekara ta 2011: bakwai kaɗai aka tabbatar cizon gizo ne, fiye da kashi 85 daga cikin ɗari kuwa ƙwayoyin cuta ne suka shiga fata. Ga mai ciwon sukari, irin wannan jinkiri yana iya kai wa ga rasa ƙafa.

To, ina gizon da ya cancanci a yi hattara da shi? Ai yana nan cikin gidan, tsintsiya ba ta ko bi ta kansa ba, domin duk sama ake kallo shi kuwa yana ƙasa. Kashegari da safe muna fitar da kaya don a share ɗaki, na kifa wata kujerar roba da ta daɗe a jingine a bayan rumbu. A cikin lungun ƙafarta sai na ga waɗansu 'yan ƙwallaye guda uku, launin madara, kowane bai fi girman ƙwayar gujiya ba, jikinsu duk tsinaye kamar ƙarangiya. A gefensu ga uwar ta dunƙule. Na kira Kawu na nuna masa.

Ya ce, "Wannan 'yar mitsitsiyar? Ai kullum sai na ɗaga kujerar nan da hannuna."

Na ce, "Allah ya ja kwana, Kawu, daga yau a riƙa dubawa kafin a sa hannu."

Ga alamomin da za a gane ta da su, ya kai mai karatu, don kada ka rikita ta da waninta. Na farko, jakar ƙwanta. Sauran gizagizan gida jakar ƙwansu sumul take ko kuwa kamar auduga, amma tata ƙaya-ƙaya ce, kuma wannan ita ce alama mafi sauƙi, domin ko uwar ta ɓuya jakar tana nan a fili. Kowace jaka takan ɗauki ƙwai wajen 120 zuwa 150, mace guda kuwa tana iya yin jaka har ashirin a rayuwarta, ƙwan kuma yakan ƙyanƙyashe cikin mako uku ko kusa da haka. Na biyu, surarta. Cikinta a kumbure yake, zagayayye kamar ƙwayar wake, launinsa daga ruwan toka zuwa ruwan ƙasa har zuwa mai duhu sosai, da zane-zane a baya. Ƙafafunta sirara ne, da duhu a kan kowace gaɓa. Na uku, kuma shi ne hatimi, a ƙarƙashin cikinta akwai wani tambari ruwan lemo ko ruwan ɗorawa, mai faɗi sama da ƙasa, siriri a tsakiya, sak kalangu. Da yake a kife take rataya cikin yanarta, ciki sama, in ka haska tocila za ka gan shi. Shi ya sa nake kiranta gizo mai kalangu. Na huɗu, yanarta. Ba ta yin saƙar nan mai kyau zagayayya da muke gani a gona da safe raɓa ta kwanta a kai. Tata a cukurkuɗe take, ba tsari, amma zaren yana da ƙarfi, in ka ja shi da tsinke za ka ji yana tsinkewa da ɗan ƙara.

Halinta kuwa, matsoraciya ce. Da rana tana cikin ɗan aljihun da ta saƙa a lungu, da dare take fitowa tsakiyar yana ta jira abinci. In aka taɓa yanar sai ta gudu ciki, in abin ya matsa sai ta naɗe ƙafafu ta faɗo ƙasa kamar matacciya. Ba ta bin mutum, ba ta hawa gado neman jini, domin ba ta da abin yi da jininmu. Tana cizo ne kawai in an matse ta da fata, watau in an zura yatsa a maɓoyarta, ko an sa takalmi ko rigar da take ciki, ko an zauna a kanta. Namijin ƙarami ne ƙwarai, ba abin damuwa ba ne. Wuraren da take so su ne ƙarƙashin kujeru da benci, leɓen bokiti da baho, hannun jarka, cikin tsohuwar taya, bulon da aka jibge, ƙarƙashin taga, akurkin kaji, gindin rumbu, da bakin masai. Duk wanda ya san gidajenmu ya san waɗannan su ne wuraren da ƙananan yara ke wasa, su ne kuma inda mata ke kai hannu sau goma a yini.

Masana da yawa suna ganin asalinta daga Afirka ne, ko da yake wani Bajamushe mai suna Koch ne ya fara bayyana ta a rubuce a shekara ta 1841, daga wadda aka samo a Kolombiya. Ta bi kayan jiragen ruwa ta bazu a ƙasashe masu zafi, har ta kai kudancin Kalifoniya a farkon shekarun 2000.

Yanzu sai batun dafi, wanda shi ne kowa ke son ji. Dafin wannan zuriya jijiyoyi yake kamawa, ba ya ruɓar da nama. Yana sa jijiya ta yi ta aika saƙo ba ƙaƙƙautawa, shi ya sa ake samun zafi, da gumi, da ɗaurewar tsoka. 'Yar'uwarta baƙa, wadda aka fi sani a Amurka da Afirka ta Kudu, da mai jan baya ta Ostareliya, su ne cizonsu ke kwantar da mutum sosai: zafi ya bazu daga wurin cizo zuwa kaluluwa, zuwa baya da ƙirji, ciki ya ƙame kamar katako har a zaci ciwon da ke bukatar tiyata ne. Mai launin ƙasar nan kuwa dafin da take zubawa kaɗan ne. Wani likita a Afirka ta Kudu, G. J. Müller, ya buga bayanin mutum 45 da wannan zuriya ta ciza a shekara ta 1993, 15 daga cikinsu mai launin ƙasa ce ta cije su, ya kuma nuna cewa yawancin waɗannan abin ya tsaya ne a wurin cizon: zafi, da ja, da ɗan gumi a kewayen. Amma wannan ba dalilin sakaci ba ne, domin an sha samun wanda abin ya yi wa tsanani, kuma jikin yaro ƙarami ba ɗaya yake da na babba ba.

In tsautsayi ya gitta, ga abin yi. A wanke wurin da ruwa da sabulu. A ɗora tsumma mai sanyi, ko ƙanƙara da aka naɗe a ƙyalle. A sha maganin rage zafi irin su farasitamol bisa ƙa'ida. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya, kada a ƙona, kada a zuba kananzir ko fetur ko ruwan batir, domin duk waɗannan ƙarin ciwo ne a kan ciwo. In wanda aka ciza yaro ne, ko tsoho, ko mai juna biyu, ko mai hawan jini, a tafi asibiti ba tare da jira ba. Haka kuma kowane ne, in zafi ya fara bazuwa, ko gumi ya karyo, ko ciki ya ɗaure, ko amai, ko numfashi ya yi wuya. Mutanen Paikon Kore sun yi sa'a, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja yana nan Gwagwalada kusa da su. In an iya kama gizon a kwalba, ko da matacce ne, ko a ɗauki hotonsa da waya, a tafi da shi, zai taimaki likita.

Rigakafi kuma, wanda ya fi magani, ba ya cin ko kwabo. A riƙa kifa kujeru da bokitai ana dubawa ko da sau ɗaya a mako. A kakkaɓe takalmi da tufafin da suka kwana a rataye kafin a sa, wannan ma zai tsare mutum daga kunama. Kada a zura hannu inda ido bai gani ba. In an ga jakar ƙwai, a sa tsinke a ciro ta a murƙushe da takalmi, domin feshi ba ya ratsa saƙarta sosai. A rage tarkace a tsakar gida. A koya wa yara su gane ƙwallon nan mai ƙaya, su kira babba in sun gani.

Batun fiya-fiya kuwa, sai mu yi wa kanmu faɗa. Wannan magani na gona ne, guba ce mai shiga ta numfashi da ta fata, kuma saboda yawan rayukan da ya ci, hukumar NAFDAC ta hana sayar da irinsa a kasuwanni da kantuna barkatai a shekara ta 2019. Wanda ya yayyafa shi a ɗakin yara ya rufe ƙofa don gudun gizo, ya shigo da abin da ya fi gizon haɗari nesa ba kusa ba. Ban da haka, yawancin waɗanda zai kashe masu yi mana aiki ne kyauta. Faffaɗan nan da ke manne a bango, mai gudu kamar walƙiya, da babban nan mai dogayen ƙafafu da ke sa mata ihu a banɗaki, kyankyasai da sauran ƙwari suke farauta. Mai siraran ƙafafu da ke rataye a kusurwar rufi yana kama sauro. A gaɓar Tafkin Biktoriya a Kenya har akwai wani ɗan gizo mai tsalle da masana suka gano ya fi son cin sauron da ya sha jini.

A nan sai na juyo kan abokan aikina 'yan jarida. A shekara ta 2022 wani masani ɗan Italiya, Stefano Mammola, tare da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a kan labaran jaridu fiye da 5,000 daga ƙasashe 81 game da gizo-gizo. Sun tarar kashi 47 daga cikin ɗari suna da kuskure, kashi 43 kuma an zuzuta su don a tsorata mai karatu. Sun kuma lura cewa in an tuntuɓi masanin gizo-gizo kafin a rubuta, zuzutawar takan ragu. Irin waɗannan labarai ne ake fassarawa a watsa mana ta WhatsApp da Facebook, da hoton wani mummunan gyambo, a ce wai sabon gizo ya shigo gari. Kafin mu buga ko mu tura, ya kamata mu tambayi wanda ya sani.

Mu kuma auna abubuwa da ma'auninsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, kuma duk wanda ya san asibitin Kaltungo a Jihar Gwambe ya san aikin kububuwa a kan manoma da makiyaya. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a Nijeriya suke. Alhali a Ostareliya, ƙasar da ta yi suna da miyagun gizagizai, tun da aka fara amfani da maganin dafin mafi haɗarinsu a shekara ta 1981 ba a sake rubuta mutuwa daga cizonsa ba. Saboda haka gidan da ya kwana ba gidan sauro, ya bar ciyawa ta rufe bayan ɗaki, amma ya tashi haiƙan yana yaƙi da yana, ya bar jaki yana dukan taiki.

Abin da nake roƙo ga jama'a bai wuce uku ba. Mu san gizo mai kalangu da jakar ƙwanta, mu ba ta girmanta. Mu daina kiran kowane ƙurji fitsarin gizo, mu kai shi ga wanda zai faɗa mana sunansa na gaskiya tun da wuri. Malaman makaranta da ma'aikatan lafiya na ƙauyuka kuma su sa wannan cikin abin da suke koya wa yara da iyaye mata, musamman in damina ta kama. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mu da iyalanmu daga sharrin abin da ke ɓoye da wanda ke fili, amin.